Wa Za A Ba Ajiyar Adireshi?

Ina so in yi magana a kan wani abu da ya zo mana cikin waya, watau ma'ajiyar adireshi ta intanet. Mutum yana cikin duba waya sai ya tarar da shafi mai amfani, ko na farashin goro ko na wani littafi. Sai ya ɗauki adireshin shafin ya ba wani kamfani ajiya, ya liƙa masa kalma ɗaya ko biyu don ya gane shi. Abokansa suna iya leƙa abin da ya tara, shi ma ya leƙa nasu. Kamar zaren nan ne da almajiri kan sa cikin takardu inda ya tsaya, sai dai wannan zare a hannun wani ya ke, can ƙetaren teku.

Abin da ya kai ni ciki littattafanmu ne. Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗauki hoton rubuce-rubucen ajami da yawa, har da na Hausa, ta sa a intanet. Haka kuma babban ɗakin littattafai na Ingila, British Library. Adireshinsu kuwa dogo ne kamar igiyar rijiya, ba mai iya hardacewa.

To, wa za a ba ajiya? Ku fatake kun fi ni sani, baƙo mai shanu ba ya sauka wurin maigida don faɗin zaurensa. Sai ya tambaya: in na tashi tafiya, ya kan miƙo wa mutum kuɗinsa? Ga labarin masu gidan nan. Delicious shi ne babbansu, an buɗe shi a 2003. Yahoo ta saye shi a 2005, ta sayar a 2011, ya yi ta canja hannu kamar akuyar dillali, har a 2017 aka hana sa sabuwar ajiya. Wani mai suna Magnolia, cikin Janairu 2009 injinsa ya lalace, ajiyar mutane ta salwanta. Google da girmanta ta rufe tata ma'ajiyar a Satumba 2021. Pocket ma an rufe shi a Yuli 2025, amma shi ya yi mutunci, ya ba da wa'adin kwashe kaya.

Waɗanda suka rage, uku na duba. Pinboard mutum ɗaya ne ke riƙe da shi, ba ado, kuɗi a ke biya kowace shekara. Na yaba, don na san abin da ya ke ci, amma biyan dala da kati daga nan ba ƙaramar wahala ba ce. Diigo ya kan bar mutum ya ja layi cikin shafi, ya yi rubutu a gefe kamar hashiya, lalle malamai za su so shi. Ni dai Raindrop na ɗauka. Kyauta ne har wani gwargwado, masu son ƙari su ke biya, kuma duk sa'ad da na so ya kan ba ni jerin ajiyata gaba ɗaya. Kowane tsayuwar wata na kan karɓi jerin nan in adana a wurina.

Sauran abu ɗaya. A Oktoba 2023 ɓarayin kwamfuta suka faɗa wa British Library, shafunansu suka yi watanni a rufe. Adireshi yana nan daram cikin ma'ajiya, amma ka taɓa, ƙofa a kulle. Saboda haka duk littafin da aka yarda a sauke, na kan sauke shi kansa, yara su buga mini a takarda, in sa cikin gafaka tare da sauran.