Shiraz: dardumar kasuwa da burtalin makiyaya

Birnin Shiraz, babban birnin jihar Fars a kudancin ƙasar Iran, gari ne da baƙi ke zuwa saboda kushewun mawaƙan nan biyu, Hafiz da Sa'adi, da kuma kufan Farsafolis, fadar sarakunan Farisa na da, wadda ke da nisan kilomita kusan 60 daga garin. Amma ɗan kasuwa in ya sauka, ƙafarsa kasuwar Wakil take kai shi. Sarki Karim Khan Zand ne ya gina ta a ƙarni na 18, da jan bulo, rufinta a lanƙwashe, ta yadda ko rana ta take, a ciki inuwa ce da sanyi. Akwai layin masu kayan yaji, da na maƙeran tagulla, da na masu aikin da ake kira hatam, inda ake jera ƴan mitsi-mitsin itace da ƙashi da ƙarfe a manna bisa akwati har su ba da zane. Layin da ya fi tsayar da baƙo shi ne na dardumomi.

Mai karatu kada ya ɗauka irin dardumar nan ce da alhazai ke kawo mana tsaraba, wadda galibinta saƙar inji ce. Wannan da hannu ake ƙulla ta, ƙulli bayan ƙulli, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke jibge a kasuwar Wakil ba a gari aka saƙa su ba. Aikin matan makiyaya ne, musamman Ƙashƙayi, wata al'umma mai magana da harshe dangin Turkanci, wadda ke kiwon tumaki da awaki a duwatsun Zagros.

Sau biyu a shekara suke tashi. Da sanyi suna zaune a filayen kudu masu ɗumi, wajejen Firuzabad. In watan Maris ya wuce, ciyawa ta fara ƙonewa, sai su kwashe tantunansu baƙaƙe na gashin akuya su nufi arewa, zuwa tuddan da dusar ƙanƙara ta narke ta bar ɗanyar ciyawa, wajen Semirom da gindin dutsen Dena. Wasu gidajen sukan yi tafiyar da ta haura kilomita 400, makonni suna bisa hanya. In sanyi ya gabato su juyo.

Dardumar daga cikin wannan tafiya take fitowa. Gashin na tumakinsu ne, mata ke kaɗa shi da mazari. Ja daga saiwar wani tsiro da suke kira ronas ake samun shi, shuɗi daga baba, rawaya da ƙasa-ƙasa daga ɓawon rumman da makamantansa. Masaƙar a kwance take bisa ƙasa, an kafe ta da turaku, don ranar tashi a tumɓuke, a naɗe aikin da bai ƙare ba, a ɗora wa jaki. Shi ya sa za ka ga dardumar makiyaya ta ɗan karkace, ko launinta ya sauya a tsakiya, domin zaren da aka rina a mashekarin farko ya ƙare, na biyu kuwa bai zo daidai da shi ba. Masaƙiyar ba ta da zane a takarda kamar masaƙan birni. Abin da ta gani wurin uwarta da abin da ya zo mata a rai shi take sawa, ko akuya, ko itace, ko zaki. Mai kauri da dogon gashi, wadda ake kira gabbe, da can ta shimfiɗar gida ce, fataken birni ba su ko taya ta. Sai da dillalan Turai suka gano ta, kana fim ɗin Mohsen Makhmalbaf mai wannan suna ya fito a 1996, sannan ta yi daraja. Abin mamaki, karkacewar da a da ake rage kuɗi saboda ita, yau ita ce shaidar asali, har masaƙu a Indiya suna kwaikwayon ta da gangan. A 2010 hukumar UNESCO ta sa saƙar dardumar Fars cikin gadon al'adun duniya.

Suna ya samu, amma ciniki ya faɗi. A 1994 Iran ta fitar da dardumomi na kimanin dalar Amurka miliyar 2. Amurka, wadda ke cikin manyan masu saye, ta hana shigar da su a 1987, ta buɗe a 2000, ta rufe a 2010, ta sake buɗewa a 2016, ta kuma rufe a 2018. Bayan wannan, abin da ake fitarwa a shekara ya koma ƙasa da miliyan 100. Duk ɗan kasuwa ya san wanda ke ɗaukar asara in kasuwa ta mutu: ba mai rumfa ba ne, wanda ke iya ajiye haja ya jira, matar da ta yi watanni a durƙushe ce, wadda dole ta sayar ga dillalin farko da ya iso tanti.

A nan ne yawon buɗe ido ya shigo. Kamfanonin tafiye-tafiye na Shiraz da Isfahan suna kai baƙi su kwana a tanti, su sha shayi, su ci gurasar da aka gasa bisa faifan ƙarfe, su ɗauki hoton mata da tufafinsu masu launi. Wasu har su bi ƙaurar Bahtiyari, maƙwabtan Ƙashƙayi ta arewa maso yamma, waɗanda wani fim ɗin Amurkawa na 1925 ya nuna suna ƙetare kogin Karun bisa salkunan da aka hura wa iska, suna hawan dutsen Zard Kuh cikin ƙanƙara. Ban ga laifin wannan ba. Kuɗin da baƙo ya miƙa hannu da hannu a bakin tanti ya fi wanda ya biyo ta hannun dillalai uku albarka. Sai dai a ganina, baƙo ba ya riƙe makiyayi. Ciyawa da ruwa da hanya ke riƙe shi, su ne kuwa ke ƙarewa.

Matsin ba na yau ba ne. A shekarun 1930 Reza Shah ya tilasta wa makiyaya zama wuri guda, dabbobi suka mutu da yawa. Da ya sauka a 1941 suka koma hanya. A 1963 gwamnatin ɗansa ta mai da makiyayu mallakar ƙasa, kiwo ya koma sai da takardar izini. Sannan gonaki da hanyoyin kwalta da garuruwa suka cinye burtali, labarin da ba sai an fassara wa mutumin Dakoro ko Abalak ba. Fari ya zo ya ƙara: tafkin Bahtegan a jihar Fars, da koguna suka daina isa gare shi saboda madatsai da noman rani, ya sha ƙafewa ƙarƙaf. Yanzu gidaje da dama a manyan motoci suke loda tumaki, tafiyar makonni ta koma ta kwana ɗaya ko biyu. Ƙidayar 2008 ta sami makiyaya masu ƙaura kusan miliyan 1.2 a duk ƙasar, ƙasa da kashi 2 cikin 100 na jama'a.

Akwai wani tanti da ya kamata baƙo ya tambaya, fari ne shi, ba baƙi ba. Muhammad Bahmanbegi, ɗan Ƙashƙayi da ya karanta shari'a a Tehran, shi ya kafa makarantun tanti a shekarun 1950, malami da allo suna bin garke duk inda ya sauka. Daga cikinsu aka sami malamai da likitoci da alƙalai, mata da maza. Yawancinsu a birni suka zauna, kuma ƴaƴansu mata ƙalilan ne suka koyi kafa masaƙa.

Wanda ya yi niyyar zuwa, watannin Afrilu da Mayu ne lokacin ganin ƙaura. In zai sayi darduma, ya juya bayanta ya duba ƙullin, ya murza gashin da jiƙaƙƙen farin ƙyalle ya ga ko rini na zuba, sannan ya tambayi mai rumfa daga wane reshe na Ƙashƙayi ta fito. Mai haja ta gaskiya zai faɗi sunan ba tare da jinkiri ba, Kashkuli ce ko Darashuri ko Shishbuluki.