Kwana Huɗu a Leiden

Gari bai gama wayewa ba jirginmu ya sauka a Schiphol, filin jirgin saman Amsterdam, bayan tafiyar kusan awa bakwai daga Legas. Abin da ya kai ni Holan shi ne taron masana harsunan Afirka da Jami'ar Leiden ke shiryawa duk shekara a ƙarshen watan Agusta.

A wurin duba fasfo jami'in ya ɗago kai ya ce, "Me ya kawo ka?" Na ce taro. Ya ce in nuna masa takardar gayyata. Na zaro ta daga jakar hannu, haɗe da tikitin komawa da shaidar kama ɗaki a otal. Ko minti biyu ba a yi ba ya buga mini hatimi. Wani bawan Allah da ke gabana kuwa duk takardunsa a waya suke, wayar kuma ta mutu tun a jirgi. Har na wuce yana tsaye a gefe, gumi na tsattsafo masa. Na tausaya masa ƙwarai, don na san wahalar da ya sha kafin ya iso ƙofar nan.

Wahalar tun daga gida take farawa. Bizar Shengen ake nema, kuma kuɗinta ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024. Sai an haɗa da inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, da fasfon da zai ƙara aƙalla wata uku da rai bayan ranar da mutum zai baro can, da bayanin asusun banki, da wasiƙar wurin aiki. Doka ta yarda a miƙa takardu tun ana saura wata shida, amsa kuma kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Amma samun ranar ganawar ma kanta aiki ne. Ni ranar da aka karɓi maƙalata, a ranar na roƙi masu shirya taro su turo mini gayyata. Malamai biyu da ke cikin jadawalinmu an kira sunansu a zaure babu su, biza ba ta fito ba. Bincike na shekara guda ya tafi ba wanda ya ji shi, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo a tafiyar.

Gargaɗi ɗaya ga mai haɗa kaya: a bar kilishi da dambun nama a gida. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga waje. Yaji da garin kunu ne suka raka ni.

Tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin take, ba sai an fita waje ba, kuma cikin minti ashirin ana Leiden. Kada a kula tasi, tsadarsa ta yi yawa. Ana taɓa katin biyan kuɗin jirgi a jikin na'ura wajen shiga, a sake taɓawa wajen fita. Wanda ya manta na biyun za a cire masa fiye da kuɗin tafiyarsa. Wajen canji kuma a nemi ƙananan takardu, 'yan Yuro 10 da 20, don shaguna da yawa ba sa karɓar 'yar ɗari, wasu ma kati kawai suka sani. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga, sai da adafta.

Daga tasha na taka da ƙafa. Gari ne ƙarami, ruwa ya ratsa shi ta ko'ina, gidajen jan bulo sun jeru a bakin magudanar Rapenburg, inda tsohon ginin jami'ar yake. An kafa ta a 1575, ita ce mafi tsufa a ƙasar, kuma ɗakin karatunta na ajiye da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci. Sai dai mai kallon gine-gine ya riƙa duba ƙasa: jan layin da ke gefen titi na masu keke ne, suna tafe da gudu, ƙararrawa ɗaya suke kaɗawa.

A zauren taro an ba ni minti ashirin na magana, goma na tambayoyi. Ina cikin misalai shugabar zama ta ɗaga kwali mai lamba biyar, can ta ɗaga mai lamba ɗaya. Da ban gwada maƙalar da agogo a gida ba, da a gabatarwa lokacina zai ƙare. Doguwar gaisuwa da jero muƙaman manya ba su da gurbi a nan.

Abincin rana burodi ne da cuku, kullum. Wanda cikinsa ya saba da tuwo ya nemi shagunan Turkawa da 'yan Maroko, akwai halal, ko ya je kasuwar bakin ruwa ranar Laraba ko Asabar ya sayi soyayyen kifi mai zafi. Rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi, alƙibla kuma kudu maso gabas take. Na yi sallolina a wani lungu na bayan aji, kan ƙaramar darduma da na naɗo a jaka, da ruwan sama na dukan taga. Rigar sanyi da laima sun yi mini rana, ko da yake a wurin mutanen can bazara ce.

Ɗan'uwa malami, idan an karɓi maƙalarka, fara neman biza a makon, ka buga kowace takarda kwafi biyu, ɗaya a jakar hannu. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.