Kalmomi ukku da ake jira a ƙasar Holanda

Kowane harshe da irin yadda yake shelar abin da ke tahe. Mu idan damana ta matso mukan ce ta kawo jiki. Holandawa su kuwa ƙofa suke ba abin. Sukan ce « staat voor de deur », wato yana tsaye bakin ƙofa. Sanyi na tsaye bakin ƙofa, hutun lakwal na tsaye bakin ƙofa, har jarrabawa ma nan take tsayawa. Wannan ita ce ta farko da na koya sa'ad da na je karatun aikin gona a garin Wageningen, kuma ba ta ba ni wuya ba. Magana ce ta abin da ke da rana a kalanda. Ko ka so ko ka ƙi, baƙon zai shigo.

Akwai wata kuma wadda ta fi wannan nauyi. Kalmomi ukku ne : « It giet oan ». A baki kamar ka ce « it giyat owan ». Ma'anarta : za a yi, abin ya tabbata. Asalinta ba Holandanci ba ce, harshen mutanen Firislan ce, wata jiha ta arewacin ƙasar mai harshenta na kanta. Amma babu Baholande da bai san ta ba. Malamar da ke koya muna harshen ta ce da ni, in ina son in gane ta, sai na fara gane ƙanƙara.

To ga yadda abin yake. Ƙasar Firislan shimfiɗaɗɗiya ce, cike da tabkuna da gulaben da mutane suka gina da hannu, suna haɗa gari da gari. In sanyi ya tsananta, ruwan sama-sama yakan daskare ya zama kamar daɓe. Sai mutane su sa wani takalmi mai ƙarfe a ƙasa, siriri kamar bakin wuƙa, su hau ruwan suna zamiya da gudu. Tun 1909 suke da wata babbar tsere da ake kira Elfstedentocht, wato zagayen garuruwa goma sha ɗaya. Ana tashi daga Leeuwarden, a bi ta Sneek, da Stavoren, da Harlingen, da Dokkum da sauransu, a komo Leeuwarden. Kusan kilomita 200 ne, bai kai daga Maraɗi zuwa Damagaram ba amma ya kusa. Ana tashi tun da duhun asuba. Kowa da katinsa, ana buga mashi hatimi bisa hanya, kuma wanda ya iso kahin sha biyun dare ana ba shi ƴar lambar azurfa. Akwai gidajen da ake aje ta kamar gadon kaka.

Sai dai wannan tsere ba ta da rana. Dubban mutane ne za su hau ruwa rana guda, saboda haka dole kaurin ƙanƙara ya kai santimita 15 a kusan dukan hanya. An raba hanyar yanki-yanki, kowane yanki da mai kula da shi. Shi ne zai huda ƙanƙara ya auna, ya kai labari. In an ga ta isa, shugaban ƙungiya ya fito gaban ƴan jarida ya yi shela, bayan kamar kwana biyu a tashi. Tun 1909 har yau sau 15 kaɗai aka yi ta.

Da malama ta kai nan sai na ce mata : « Malama, ai wannan an ga wata ne. » Ta ce in bayyana mata. Na ce mu ma akwai daren da gari duka ke kasa kunne ga radiyo, tela na jira, mai waina na jira, kuma babu mai ikon faɗin maganar sai wanda aka ɗora wa nauyin. Ta yi dariya ta ce kusan haka ne, sai dai watanku in bai fito yau ba gobe zai fito. Nasu yakan yi shekara ashirin bai fito ba.

Gaskiyarta. An yi tseren ranar 18 ga Janairu 1963, cikin sanyi da iskar da har yanzu tsofaffi ke labari. Cikin mutum sama da 9.000 da suka fita don su gama zagayen kawai, 69 suka iso. Daga nan shiru sai 1985. Aka sake a 1986, shekarar da ɗan sarauniya Willem-Alexander ya shiga da wani suna don kada a gane shi, shi ne ya zama sarki a 2013. Sai kuma ranar 2 ga Janairu 1997, shugaban ƙungiya Henk Kroes ya tsaya ya ce : « It giet oan ». Ranar 4 ga wata aka tashi. Wani manomin kayan lambu, Henk Angenent, shi ya zo na ɗaya cikin awa 6 da minti 49. Wannan ya yi mani daɗi ƙwarai, don ina ganin manomi ya fi kowa sanin jiran abin da ba shi da iko da shi.

Daga ranar maganar ta fita daga hannun masu ita. Na ji ta a bakin wanda aka sa ranar aurensa. Na ji ta a bakin ɗalibin da aka amince ya tahi hutu. Masu kanti ma sun ɗauke ta suna tallar rangwame, abin da ni dai ban so ba. Kamar mai goro ne ya riƙa ƙwala « an ga wata » don a sayi goronsa. Duk da haka ta koya mani wani abu game da waɗannan mutane. Ana yi masu kallon masu agogo, komi nasu a rubuce da rana da awa. Ashe abin da ya fi motsa masu rai shi ne wanda agogo ba ya kawowa. In aka yi daren sanyi huɗu ko biyar a jere, sai ka ga ma'aikaci a buro ya bar aiki yana duban labarin yanayi. Har suna suka ba halin : zazzaɓin garuruwa goma sha ɗaya.

A watan Fabrairu 2012 zazzaɓin ya kama ƙasa duka. Ruwa ya daskare, mutane suka fito da shebur suna share dusar da ta rufe ƙanƙara, har da soja. Amma a kudancin hanya kaurin bai kai ba. Ranar 8 ga wata shugaban lokacin, Wiebe Wieling, ya fito ya ce ba za a yi ba. Kalma ɗaya ce ke shiga tsakani, « net », wato a'a : « It giet net oan ».

Dalilin bai ɓoyu ba. Duniya na ƙara zahi, kuma doguwar daskarewar da ake bukata ta yi wuya a Holanda. Zahin nan da ke rikita muna lokacin shibka, shi ne ke hana masu ƙanƙara. Masu son abin sukan tahi wani tabki na kan duwatsu a ƙasar Otirish, sunansa Weissensee, su yi kilomita 200 ɗinsu a can kowace shekara. Amma can ana sanin rana tun da watanni, ba mai zama gindin radiyo. Yaron da aka haifa a Firislan cikin sanyin 1997 ya girma, wani har ya aje iyali, bai taɓa jin kalmomin nan ukku daga bakin mai ikon faɗinsu ba.