Hannun da ya ɗinka hular Bama zai iya ɗinka ɗan kunne

Da wuya mutum ya ratsa unguwa a Maiduguri da la'asar bai ga mace zaune kan tabarma, da farin ƙyalle a cinya, tana soka allura ba. Hula take ɗinkawa: bama, ko damanga, ko bangwal, ko zanna bukar, wadda ake danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima, ɗan siyasar Borno na jamhuriya ta farko. Hular za ta bar hannunta ta hau kan wani babban mutum a Kano ko Abuja ko Njamena, a yi ta yaba aikin. Amma ku dubi kunnen mai ɗinkin. Ɗan kunnen roba ne, ko na ƙarfen nan da ake shigowa da shi daga Sin, wanda ba ya jimawa ya koɗe. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Da Bama ta faɗa hannun Boko Haram a Satumbar 2014, mutanenta sun baro gona da dabbobi da gidaje, suka cika sansanoni irin su Dalori. Abin da ba a iya ƙwace musu ba shi ne sana'ar da ke hannunsu. Allura da zare ba sa neman shago, ba sa jiran lantarki. Da su mata da yawa suka ciyar da marayu, har bayan da gwamnati ta soma rufe sansanonin cikin garin Maiduguri a 2021. Sai dai ɗinkin hula aiki ne mai cin ido da baya. Mai zane ya zana, mace ta kwashe makonni tana cike zanen, a kai wa mai haɗi, a wanke, a sa sitaci, a ɗora a kan gungume. Kafin kuɗi ya zagayo gare ta ya bi ta hannun wanda ya ba da yadi da zare, ya bi ta hannun dillali, ita da ta fi kowa wahala ita ke karɓar ƙarami, wani lokacin ma bashi.

Wata yarinya a layinmu, wadda ta koyi ɗinkin hula wurin kakarta, ita ta nuna mini wata hanya. Ta yanko farin yadi da'ira biyu, kowace faɗin murfin kwalba, ta fitar da zanen hula guda ɗaya a tsakiya da ragowar zaren da ya yi gajarta ga aikin hula, shuɗi da ruwan ƙasa. Ta lulluɓe bayan da guntun jar fatar da ta samo wurin baduku, ta bi bakin da ɗinki ƙanana a matse don kada ya warware, ta maƙala ƙugiya. Tsakanin azahar da magariba ta gama. Da na sa a kunnena ban ji nauyinsa ba, kuma a wurin biki duk wadda ta matso sai ta ce, "Yaya, wannan ba aikin hula ba ne?" Ta kuma nuna mini tsohuwar hular babanta da bakinta ya cinye amma jikinta na nan garau. Daga ita ta yanko zane uku ta jera a igiyar fata, ya zama abin wuya. Ɗinkin da wata baiwar Allah ta ɓata wata guda a kansa bai tafi bola ba.

Kayan aikin kuwa a zube suke. Ku leƙa shagon kowane tela ana saura kwana goma Sallah: guntayen shadda da atamfa da leshi har idon sawu. Wasu a ƙona, hayaƙi ya turnuƙe layi, wasu su bi kwata su toshe magudanar ruwa. Ga kaba, ga ƙwallon goriba, ga fasasshiyar ƙwarya, ga auduga ta cusa ƙyalle a dunƙule shi ya zama kamar dutsen ado. A yankin Bengal na Indiya da Bangaladash, mata sun daɗe suna haɗa tsofaffin zannuwa da ɗinkin da suke kira kantha, yanzu kuma ragowarsa ake dunƙulewa a yi abin wuya, ana sayarwa har Turai da Amurka ga masu neman kayan da ba sa ƙara wa duniya shara.

Na san abin da wasu za su ce: wa zai sa tsumma a kunne? Kuma ban ce ƙyalle zai maye gurbin gwal ba. Gwal ajiyar mace ne, ranar da ta ɓaci shi take ɗagawa ta sayar, kuma ba za a zuba ƙyalle a akwatin lefe a ce an yi ba. Amma a watan Maris na 2025 farashin gwal a kasuwar duniya ya haura dala 3,000 kowace oza, ga naira ta faɗi. Mata nawa ne a garin nan ke zuwa makaranta ko ofis ko barka da gwal? Kwalliyar yau da kullum tuni ta koma hannun kayan roba, kuma da su nake so mu yi gasa. Ɗan kunne mai launin lafayarki, wanda maƙwabciyarki ta ɗinka, ya fi na roba kyau, kuɗin kuma bai bar unguwa ba.

Sai dai in za a yi, a yi shi da kyau. An koya wa mata da yawa naɗa atamfa a awarwaro a wuraren koyar da sana'a, ana liƙawa da gam, ga shi zafin Maiduguri a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, gam ya saki, mai saye ta yi fushi ba ta ƙara dawowa. Ɗinki ne ke riƙewa. A gwada zaren a ruwa kafin a fara, don mai zuba zai ɓata wa mutum mayafi. A nemi ƙugiyar da ba ta sa kunne ƙaiƙayi ko da ta fi tsada. Kuma mu faɗi gaskiya ga masu saye daga nesa: yawancin zaren hula na kamfani ne, daga waje yake zuwa, abin da muka ceto shi ne ragowarsa da ƙyallen. Naɗin atamfa ana yin sa a Legas da Akara da ko'ina. Ɗinkin hula shi ne namu, shi ya kamata ya zama tambarin kayan.

Gobarar kasuwar Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau a Satumbar 2024 sun cinye jarin mutane da yawa, har yanzu akwai waɗanda ba su miƙe ba. Sana'ar da jarinta bai wuce allura da almakashi da ƙugiya dozin ɗaya ba, mace za ta iya farawa ba tare da ta ci bashi ba, ta ɗauki hoto da waya ta sayar da kanta, ba dillali a tsakani.

Teloli, roƙona gare ku: ku ajiye buhu biyu kusa da keke, ɗaya na shadda da atamfa, ɗaya na leshi da yadin roba. Masu wankin hula, hulunan da masu su suka ce sun mutu kada ku yar. Duk wanda ya tara, ya yi magana a ƙarƙashin rubutun nan ya faɗi unguwarsa, akwai 'yan matan da za su zo su ɗauka.