Shekarar farko ta Autanmu a makarantar soja ta Zariya

1/
Duk sanda hoton yaran makarantar soja ta Zariya ya zagayo a nan, sai ka ga ana ta "Masha Allah, nima sai na kai ƙanina." Wasu kuma su ce, "Yaron nan ya gagare mu, soja za mu kai shi ya gyaru." Autan gidanmu ya gama shekararsa ta farko a can. Bari in ba ku labarin abin da hoto ba ya nunawa 🧵

2/
Da farko a raba zare da abawa, don mu a cikin Birni duk wanda ya sa kaki "soja" ne. Akwai Depot, inda ake horar da kurata tun 1924. Akwai NDA a Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, can ake yaye hafsoshi. Sai NMS, sakandare ce ta maza zalla, shekara 6. Ita nake nufi.

3/
A 1954 aka kafa ta da sunan Boys Company, da yara 30 kacal, ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey. A 1960 ta koma Nigerian Military School. Tana cikin barikin Chindit. Sunan barikin ma daga yaƙin Bama ya zo, inda bataliyoyin Najeriya suka yi yaƙi cikin rundunar Chindit a 1944.

4/
Daga gidanmu ka fito ta Ƙofar Doka, ka ratsa Tudun Wada ka nufi PZ, ai ka kusa. Kuɗin Keke ne kawai. Amma wallahi ranar da muka raka shi, ji muka yi kamar wata ƙasa muka kai shi. Yaro ɗan shekara 12 da ko gidan Gwaggo bai taɓa yin kwana uku ba.

5/
Abu na farko da ya bari a bakin ƙofa shi ne sunan Auta. A gida sunan nan lasisi ne: ba a aikensa da rana, ba a ba shi wanke-wanke, naman ƙarshe a tukunya nasa ne. A can kuwa aski iri ɗaya, kaya iri ɗaya, akwati iri ɗaya. Ba wanda ya san kai ɗan lelen wani ne.

6/
Na tambaye shi ya ranarsu take. Ya ce, "Yaya, mu ba mu da rana ɗaya, muna da ƙananan ranaku ne da yawa." Tun duhu bai yaye ba an tashe su. Wanka da ruwan bokiti, sallar asuba, gudu da motsa jiki. Ka tuna sanyin Zariya na watan Janairu, sannan ka sa yaro cikin gajeren wando a fili.

7/
Sai gyaran gado. Na yi dariya da ya faɗa, shi bai yi ba. Zanin gado sai ya miƙe ba ko lanƙwasa, kayan akwati kowanne da mazauninsa. Takalmi kuwa Kiwi da burushi da tsumma, ka yi ta murza har ka ga fuskarka. Kaki ya sha sitati da guga. Duk wannan kafin a fita faretin safe a duba ka daga hula zuwa igiyar takalmi.

8/
Bayan haka fa sai aji. Nan ne mutane ke mantawa. Lissafi, Turanci, kimiyya, duk abin da ɗan aji ɗaya ke yi a Alhudahuda ko Barewa shi ma yana yi, kuma a ƙarshe jarrabawar WAEC da NECO ɗin nan ce ke jiransa. Bambancin kawai shi ya riga ya yi rabin aikin yini kafin malami ya shigo.

9/
Ya ce babban abokin gābarsa a zangon farko ba kowa ba ne, barci ne. Ido buɗe, biro a hannu, amma mutum ya tafi. Ya nuna min littafinsa na makonnin farko, akwai shafin da rubutu ya fara tiryan-tiryan, sai ya gangara ƙasa kamar tururuwa ta faɗa tawada 😂

10/
Da yamma rawar fareti da wasanni, da dare karatun dole, sai a kashe wuta. Hagu-dama ɗin da muke gani kamar wasa, ya ce sai da ya yi makonni ƙafarsa ba ta jituwa da ta sauran. Kuma in mutum ɗaya ya kuskure, layin gaba ɗaya ne zai sake. Nan ya gane cewa jinkirinsa ba nasa ba ne shi kaɗai.

11/
Na ce, "To bindiga fa?" Ya kalle ni irin kallon da ake wa ɗan ƙauye. "Yaya, wanda bai iya tsare safarsa ba, wa zai ba shi bindiga?" Ashe shekarar farko kusan duk a kan ƙananan abubuwa take: cokalinka, bokitinka, minti biyar ɗinka, da iya yin shiru in na gaba da kai yana magana.

12/
Abin da ya fi burge ni shi ne abokai. Daga kowace jiha ake ɗaukar yara. Na kusa da gadonsa ɗan Bayelsa ne, Kirista, bai taɓa jin sanyin hunturu ba. Auta ya koya masa shafa man kaɗanya a ƙafa, shi kuma ya koya wa Auta ninke riga. Ni sai da na shiga ABU na yi aboki irin wannan. Shi yana da shekara 12.

13/
Sai da ya zo hutu ya faɗa min wani abu, ya ce kar in gaya wa Umma (yanzu ta sani, shi ya sa nake faɗa). Makonnin farko kullum sai ya yi kuka cikin bargo in an kashe wuta. Ba don an yi masa wani abu ba, kewa ce. Wai wani dare ya ji gadon gefe ma yana shessheka, sai dukansu suka yi kamar ba su ji juna ba.

14/
Ranar ziyara ta farko Umma ta haɗa dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da suga. Ya fito ya rame, ya yi duhu, wuyansa ya yi tsawo. Baba ya miƙa masa hannu, sai yaro ya ƙame ya ce "Sa!" Baba ya yi murmushi. Umma kuwa ta juya tana gyara mayafi, mun san me take ɓoyewa.

15/
Da za mu tafi ta jawo shi gefe. "Auta, in ba za ka iya ba ka faɗa min, yau ɗin nan mu koma gida. Ba wanda zai yi maka gori." Ya daɗe yana kallon takalminsa. Sai ya ce, "Umma, ai ni na ce ina so. Ki dai riƙa yi min addu'a." Har muka wuce Tudun Wada ba wanda ya yi magana a motar.

16/
Wannan maganar ce dalilin zaren nan. Tun yana aji 4 a firamare yake naci, shi ya matsa aka saya masa fom, shi ya zauna jarrabawa ya je ganawa. A daren da kewa ta danne shi, abin da ya riƙe shi kenan: ba wanda ya tura shi. Yaron da aka kai don a huta da shi, me zai riƙe a irin wannan daren?

17/
Shi ya sa maganar "a kai shi soja ya gyaru" take sosa min rai. Makaranta ce, ba gidan horon kangararru ba. Za ta iya koya wa yaro tashi da wuri da tsare kayansa. Amma in ya tafi da tunanin cewa gida ne ya gaji da shi, zai koyi fareti, kuma zai koyi cewa ba shi da wurin komawa.

18/
Gida ma yana biyan nasa kason. Da ya dawo dogon hutu, kafin kiran sallar farko ya tashi, ya gyara gado, ya share tsakar gida. Kayansa shi ke wankewa. Maƙwabta suna ta yabo. Umma ta ce min a kicin, "Yaron ya yi hankali. Amma ka lura ya daina kwanciya a cinyata?" Ban sami amsar ba ta ba.

19/
Eh, makarantar ta fitar da manya. Tunde Idiagbon, David Mark, Buba Marwa, da Joe Garba wanda ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, duk sun bi ta nan. Wasu in sun gama su wuce NDA, wasu jami'a, wasu su shiga aikin soja.

20/
Sai dai kakin nan ba a filin fareti yake tsayawa ba. Yana zuwa Borno, yana zuwa dajin Zamfara da Birnin Gwari. Kusan kowa a garin nan ya san gidan da aka je wa gaisuwar soja. Umma ta san haka, Baba ma ya sani. Shi Auta yanzu damuwarsa bai wuce takalminsa ya fi na kowa ƙyalli ba.

21/
To in kana da ƙani da kake sha'awar gani cikin kaki, zaunar da shi tukuna. Faɗa masa batun sanyin asuba da bokiti da barcin aji da kukan bargo. Ka bar shi ya kwana da maganar. In ya tashi ya ce har yanzu yana so, a sayi fom, kuma kar a riƙa fashin ranar ziyara.

22/
Tsofaffin ɗaliban makarantar da ke nan, na san kuna karantawa kuna dariya, ku ƙara mana abin da ya faru a taku shekarar farkon. Auta zai koma aji biyu, wai har ya fara shirin yadda zai riƙa yi wa sababbi magana 😅 Ku sa shi a addu'a. Allah Ya tsare mana su duka, amin.