Abin da Fitila Ta Nuna Mana

A shekarar 2019 muka binne yayata, wadda ta goye ni tun ina jariri. Ta fi shekara guda tana zubar da jini ba a lokacin al'ada ba, amma kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Sa'ad da muka kai ta asibiti, likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, ta kuwa riga ta bazu. Ba ta cika wata biyar ba ta rasu, ta bar 'ya'ya huɗu. Biyu daga cikinsu suna hannuna yanzu.

Duk da haka, ran da uwargidana ta ce ana duba mata a asibitin garinmu, tana so ta je, sai na ce, "Ke da kike lafiya ƙalau, me za ki je nema?" Ta dube ni ta ce, "Malam, ai Yaya ma da fari lafiyarta ƙalau." Ban sami ta cewa ba. Kashegari ni da kaina na kai ta.

Kayan aikin da nas ta yi amfani da su ba su da yawa: fitila mai haske, da auduga, da ruwan tsami wanda ake ce wa ruwan khal. Akan shafa shi a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, sa'an nan a haska. Wurin da ya soma lalacewa yakan yi fari, mai lafiya kuwa ba ya sakewa. Aka ga ɗan farin tabo a nata. Nas ta fito ta ce mini, "Malam, kwantar da hankalinka. Ba sankara ba ce tukuna, amma in an bar shi yana iya zama ita." Aka sāke dubawa da kolfoskof, wato madubi mai fitila da ke ƙara girman abu, wanda wani likitan Jamus, Hans Hinselmann, ya ƙirƙiro a 1925. Sa'an nan aka ɗora wa tabon wani ɗan ƙarfe mai zafi, ƙasa da minti guda, aka sallame mu a ranar. Bayan shekara aka sāke dubawa, ba a ga kome ba. Mun gode wa Allah.

Daga baya na koyi cewa ƙwayar cuta da ake kira HPV ce tushen abin. Ta wurin saduwa ake ɗaukarta, namiji kuma yana iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba, don haka kada wani ya zargi matarsa. Yawanci jiki yakan kore ta da kansa. In ta zauna, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Harald zur Hausen ne ya gano iri biyu mafi muni, na 16 da na 18, a 1983 da 1984, ya kuwa sami kyautar Nobel a 2008.

Haske yana magani kuma. A manyan asibitoci akan ƙone tabon da hasken leza. Akwai kuma wata hanya, musamman a ƙasar Sin, inda ake shafa magani, naman da ya kamu ya shanye shi, bayan 'yan awoyi a haska jan haske ya kashe shi, mai lafiyan ya tsira.

Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta. Na kai 'yata da 'yar marigayiya rana ɗaya.

Ya ku magidanta 'yan'uwana, saura kaɗan in hana uwargidana zuwa. In matarka ta kai shekara 30, kada ka jira sai ciwo ya kwantar da ita. Ka ba ta kuɗin mota, in da hali ka raka ta.