Wasiƙa Daga Houston: Tsohuwar Jif a Hannun Ba'amurke da a Hannun Alhaji

A Dutse, idan ƙatuwar jif mai baƙin gilashi ta karyo kwana ta shigo layi, yara kan dare, masu zaman majalisa su gyara hula, don kowa ya san ba ƙaramin mutum ta ɗauko ba. Ko dai kwamishina ne, ko ɗan majalisa, ko hakimi, ko ɗan kwangilar da gwamnati ke yi da shi. A nan Houston ta jihar Texas kuwa, irin waɗannan motoci su ne ke jerin gwano a ƙofar makarantun firamare da ƙarfe 3 na rana, iyaye mata na riƙe da sitiyari sun zo ɗaukar yara, kuma ba mai ɗaga kai ya dube su. Da ma a jihar ake ƙera wasunsu: Cadillac Escalade da Chevrolet Suburban daga Arlington suke fitowa, Toyota Sequoia kuma daga San Antonio. Lexus LX da Land Cruiser su ne ke zuwa daga Japan, su ne kuma mutanenmu suka fi kwaɗayi.

Tunda 'yan uwa suka san inda nake zaune, saƙon murya ba ya yankewa, tambayar kuma ba ta sauyawa: "Yaya, don Allah wacce ce ba ta ba da wahala, 570 ko Range?" Ba'amurke da wuya ya yi wannan tambaya. Abin da yake son ji shi ne wa ya riƙe ta, me aka yi mata, ina takardar. Mu a gida da sunan mota muke auna ƙarkonta, su kuwa da tarihinta. Sauran bambance-bambancen duk daga nan suka yi rassa.

Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1981 tana da lambar bodi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN. Idan ka biya, kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck za su fito maka da abin da aka rubuta a kan lambar: hannu nawa motar ta bi, tafiyar da ta yi duk lokacin da ta shiga gareji, haɗarin da aka kai rahotonsa, da ko kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin cewa ta tashi daga aiki. Mayar da agogon tafiya baya laifi ne a dokar tarayya. Rahoton ba ya kama komai, domin abin da ba a rubuta ba ba zai fito ba, shi ya sa mai hankali ke ƙarawa da bakanike.

Na taɓa raka wani maƙwabcina duba LX 570 ƙirar 2013. Bakaniken da ya ɗauka, wanda ba ruwansa da mai sayarwa, ya ɗaga motar sama da inji, ya shiga ƙarƙashinta da tocila yana bin kowace mahaɗa. Da ya sauke ta, ya leƙa saman lagireto yana neman tsagewa, ya haska tsakiyar injin ko zai ga busasshen ruwan sanyi mai launin hoda, alamar yoyo. Ya danna maɓallin da ke ɗaga motar ya sauke ta, yana kallon yadda man ke hawa da sauka a gorarsa. Ya jona kwamfuta ya karanta abin da motar ta ɓoye a cikinta. Daga ƙarshe ya miƙa takarda, kowace matsala da kuɗin gyaranta a gefe. Da wannan takarda aka yi ciniki, mai mota ya rage abin da ya rage, ba wanda ya rantse.

A gida kuwa, mutumin Dutse kan nufi filin dillalai a Kano ko Kaduna ko Abuja, ya tarar an wanke mota an goge, taya na sheƙi, ciki na ƙamshi. Dillali na gefe yana cewa: "Alhaji, dubi fenti, na kamfani ne. Wata tsohuwa ce ta hau ta a can, daga gida sai coci. Kunna esi ka ji." A duba kujerun fata, a taka totur a saurari ƙara, a tambayi takardar duti, a yi zagaye ɗaya a dawo, sai batun la'ada. Mutumin da ba zai sayi sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, shi ne zai zube miliyoyi a kan mota bai leƙa ƙarƙashinta ba.

Ga shi kuwa akwai dalilin leƙawa. Da yawa daga cikin manyan motocin da ke barin Amurka zuwa Afirka ta Yamma daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka ga gyaransu ya kai ko ya kusa kuɗinsu. Wata ɗan bugu ne kawai a gaba, wanda mai bugun mota na kirki zai mayar kamar ba a yi ba, kuma irin wannan riba ce ga mai saye idan an gaya masa gaskiya. Wata kuwa ruwa ta sha. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin nan na Houston, haka ma ambaliyar Afrilun 2024 ta yi wa motocin Dubai. Motar da ta kwana a ruwa ba ta nuna hali ranar ciniki. Sai bayan watanni, lokacin da wayoyi suka fara cin tsatsa, gilashi ya riƙa sauka da kansa, fitilu su yi ta walƙiya, giya ta ƙi shiga, har a fara zargin sammu. Alhali da an ɗaga kafet an ga busasshiyar laka, ko an duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai an ga tsatsa, da an gane tun da wuri.

Abin mamaki, lambar nan tana biyo motar har gida. Tun 2022 hukumar kwastan ta fara amfani da VIN wajen yanka kuɗin duti a tashoshin Legas. Gwamnati na karanta lambar don ta karɓi nata, mai saye kuwa bai damu ya karanta don ya tsare nasa ba, ga ta a manne a ƙasan gilashin gaba, ta ɓangaren direba. Sau da yawa in ka rubuta ta a intanet, hotunan motar a filin gwanjo za su fito, da bugunta da komai.

Me ya sa farashin tsohuwar babbar mota ke karyewa a nan? Kuɗin hannu. Awa guda ta bakanike ta wuce dala 100 a yawancin garejoji, a wurin dilan kamfani kuma abin ya fi haka nesa. Da zarar garanti ya ƙare, mai Range Rover kan fara tunanin balan-balan ɗin iska da ke riƙe da motar, da famfon da ke hura su, da tarin na'urorin lantarki, sai ya rabu da ita tun ba ta kwantar da shi ba. LX da Land Cruiser sun fi riƙe daraja saboda injinsu ya yi suna wajen juriya, duk da haka su ma ba kyauta ake riƙe su ba. A Dutse lissafin juyewa yake yi: hannu da araha, kaya da tsada, ga nisa. Abin da ba a samu a gari ba sai Kofar Ruwa a Kano, wanda ya gagari Kano sai Ladipo a Legas, mota na kan dutse ana jira. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan gyara suka bi ta. Mai mota ya koma zaɓi tsakanin sabo na kamfani, da Beljiyam, da jabu mai kwalin asali.

Bakanikenmu ya cancanci yabo. Ka same shi a gindin dalbejiya, ya kafa bakin sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ɗago ya ce: "Yallaɓai, boris ne, ba inji ba." Kuma haka ɗin ne. Abin da za a cire a jefar a nan, shi zai kwance shi, ya sauya ɗan abin da ya ci, ya mayar. Wannan basira ita ta raya Fijo 504 da tsofaffin Land Cruiser shekara da shekaru a titunanmu. Matsalar ita ce motar yanzu kwamfutoci ke tafiyar da ita, kuma wasu dabarun da suka yi aiki jiya su ke kashe ta yau. A cire tamostat wai ƙasarmu da zafi, inji ya daina kaiwa zafin da aka tsara masa, ya yi ta zuƙar mai. A ɗura baƙin mai mai kauri, 20W-50, a injin da aka yi wa ƙananan hanyoyin mai don 0W-20 ko 5W-30. A cika lagireto da ruwan rijiya, gishirinsa ya toshe hanyoyi. A fasa salansa a cire indomi. Fitilar gargaɗi ta kama, a liƙe ta da baƙin salatif. A ƙaramar hukumar Harris, inda Houston take, duk shekara sai an gwada hayaƙin mota, kuma in fitilar nan na kunne ba za a sabunta maka rajista ba. Doka ce ke tilasta wa mutum abin da mu muka bar wa ganin dama. Alhamdu lillahi, matasan bakanikai masu na'urar karanta mota sun fara yawa a Kano da Dutse, su ya kamata mai irin wannan mota ya nema.

Ƙasar ma tana da nata hukunci. Zafin Afrilu a Jigawa kan haura digiri 40, ƙurar hunturu na cika matatar iska, ga yashin hanyoyin ƙauyukan Jahun da Miga da Kafin Hausa, ga ruwan da ke shafe hanya a shekara irin ta 2022. Littafin Toyota da kansa ya ce motar da ke bin hanya mai ƙura a sauya mata baƙin mai duk mil 5,000, wato kusan kilomita 8,000. A wurinmu wannan shi ne ƙa'idar kullum, amma sau nawa ake yin sabis sai an ga tafiya ta taso?

Sai uwa uba, fetur. Injin LX 570 mai lita 5.7 ne, yana jan jiki mai nauyin sama da tan biyu da rabi, yana shan kusan lita 17 a kowace kilomita 100. Daga Dutse zuwa Kano ta Wudil a dawo, da esi da cunkoson gari, lita 40 ta tafi. Kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A wannan farashi, cika tankinta mai lita 93 ya fi mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000. A Texas kuwa a lokacin, galan guda, kusan lita 4, bai yi nisa da dala 3 ba. Shi ya sa jif da yawa a gida suka koma ƙarƙashin tamfol, sai Juma'a da Sallah da ɗaurin aure, Corolla ke wahalar yau da gobe. Ajiyar ma ba hutu ba ce: batir ya mutu, taya ta tsage, robobi su bushe, ɓera ya ci waya.

Akwai kuma batun wanda ke tuƙi. A nan mai mota shi ne direba, duk ƙarar da ta sauya kunnensa ne zai fara ji. A gida Alhaji na kujerar baya yana waya. Direba ya ji ƙara, ko ya ji tsoron faɗa kada a ce shi ya ɓata, ko a ba shi kuɗin sabis ba a tambayi rasit ba. Sai dai a wani fannin gida ya yi wa nan fintinkau. Jif ɗin Alhaji ta unguwa ce: ita ke kai amarya, ita ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibitin Rasheed Shekoni, ita ke kai dattawa ta'aziyya Ringim ko Birnin Kudu. A nan maƙwabcinka zai shekara goma da mota mai kujera takwas, ƙafarka ba ta taɓa shiga ba. Wannan hali namu abin riƙewa ne, kuma shi ne ƙarin dalilin kula da motar, tunda rayukan da take ɗauka ba na mutum ɗaya ba ne.

Ko sunan da muke dogaro da shi ba ya hana tangarɗa. A 2024 Toyota ta yi kiranyen kusan motoci 102,000 ƙirar Tundra da LX 600 a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injinsu tun daga masana'anta. Mai mota a nan wasiƙa za ta same shi har gida, a gyara masa kyauta. Wadda ta tsallaka teku ba mai aiko mata da wasiƙa, sai dai mai ita ya shigar da lambar a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ya gani da kansa, ba ko sisi.

Don haka ɗan'uwa, in ka yi niyyar saye, karɓi lambar bodi kafin ka tambayi kuɗi, dillalin da ya hana ka kuwa ka yi masa sallama. Tafi da bakanikenka da na'urarsa, ka biya shi ladansa daga aljihunka. Kada ka ƙarar da abin hannunka a kan ciniki, ka ware na gyaran farko da na fetur. Ka sayi littafi na naira ɗari biyar ka ajiye a motar, duk abin da aka yi mata a rubuta rana da kilomita da irin man da aka zuba. In lissafin ya fi ƙarfinka, Prado ko Highlander mai lafiya za ta kai ka Kano ta dawo da kai, kuma ba wanda zai rage maka girma.